Mota 'yar gas daga Beljiyam ko Amurka: wadda aka yi wa afdet ko wadda ba a taɓa ba, wacce za ka ɗauka?

Masu neman mota 'yar gas, irin su Passat, Golf 6, Tiguan, Touran, Caddy ko sabuwar Sharon ɗin nan ta 2010 zuwa sama, har da 'yan uwansu Audi A4 da Skoda Octavia, akwai tambaya ɗaya da ya kamata ku yi wa dila tun kafin a shiga ciniki: an yi mata afdet ɗin hayaƙi, wato gyaran sofwayar kwamfutar mota da kamfani ya yi, ko ba a yi ba? Yawancin dilolinmu in ka yi wannan tambayar kallonka kawai za su yi su ce "haba Alhaji, ai mota garau take, jiya-jiya ta sauka", toh ba laifinsu ba ne su ma a haka suka saya, amma kai da za ka zauna da ita gara ka san abin da ka kwaso.

Asalin maganar dai, ranar 18 ga Satumba 2015 hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, ta fito ta ce Volkswagen sun saka wata dabara a kwamfutar motocinsu na dizal, motar tana gane lokacin da ake mata gwajin hayaƙi sai ta natsu, da ta hau titi kuma sai ta saki iskar NOx mai cutar da huhu har ninki 40 na abin da doka ta yarda. Masu bincike na jami'ar West Virginia ne suka fara bankaɗo abin a 2014. Kamfanin da bakinsa ya amsa cewa motoci wajen miliyan 11 ne a duniya, shugabansa Martin Winterkorn ya ajiye aiki cikin 'yan kwanaki. Injin da ake magana shi ne EA189, mai lita 1.2 da 1.6 da 2.0 TDI, na wajen 2009 zuwa 2015. Saboda haka masu tsohuwar Sharon 1.9 da ke lodi a tasha ku kwantar da hankalinku, ba da ku ake ba.

A Turai hukumar motoci ta Jamus, KBA, ta tilasta a dawo da motocin a gyara. Na 2.0 da 1.2 sofwaya kawai aka canza, na 1.6 kuma aka ƙara wata 'yar raga ta roba a bututun iska gaban sensa. Shi kenan gyaran, bai kai awa ɗaya ba. Amma me sofwayar ta canza? Nan ne maganar take. Don a rage NOx dole a rage zafin ƙonewar mai a cikin injin, hanyar yin haka ita ce a riƙa maido da wani kaso na hayaƙi cikin injin ta bawul ɗin EGR, to sabuwar sofwayar tana buɗe bawul ɗin nan fiye da da, ta kuma canza yadda nozul ke fesa mai. NOx ya ragu amma baƙin toka ya ƙaru, tokar nan ita ke taruwa a EGR ɗin ta kuma cika matatar salansa wato DPF, ita kuma matatar sai ta riƙa neman ƙone kanta akai-akai, duk ƙonawa kuwa ƙarin gas ne, wani ma yana zirarewa ya gauraya da baƙin mai. Kamar ka ƙara wa tsohon jaki kaya ne, in da ma yana da ƙarfi zai kai, in da ma yana ɗingishi a hanya zai zube.

Shi ya sa koke ya yi yawa a Ingila da Jamus bayan afdet ɗin, wannan ya ce mota ta rage ja a ƙaramin giya, wancan ya ce injin ya ƙara ƙara, wani ya ce yana tsakiyar babban titi fitila ta kama mota ta ƙi wuce wani gudu, ga fanka na ta juyawa bayan an kashe mota. Volkswagen sun tsaya kan cewa gyaran bai taɓa ƙarfi ko shan mai ba, kuma gwajin da ƙungiyar direbobi ta Jamus ADAC ta yi bai nuna wani babban bambanci a ƙarfi ba. Ni dai a ganina duka biyun na iya zama gaskiya, motar gwaji lafiyayya ce, ta mutane kuwa ta riga ta ci kilomita dubu ɗari da wani abu da EGR rabi a toshe.

To mu zo kan zaɓi. 'Yar Turai wadda aka yi wa afdet, yadda za ka gane ta ba wuya, buɗe but ka ɗaga kafet ka duba wajen ramin safaya taya, sau da yawa akwai 'yar sitika da aka rubuta lambar aikin da kwanan wata da hatimin gareji, ta Volkswagen 23R7 ce, ta Audi 23Q7, ta Skoda 23R6, wani lokaci kuma a littafin sabis za ka gani. In babu sitika ba hujja ba ce, sai an jona sikana an karanta lambar sofwaya. Abin da nake so da irin wannan motar shi ne in an yi afdet ɗin tun 2016 ko 2017 ta kuma ci gaba da yawo shekaru a can, to duk abin da zai mutu saboda afdet ya riga ya mutu an canza shi da kuɗin Bature. In ka samu wadda a takardunta akwai rasit na sabon EGR, ko na nozul musamman a 1.6 da aka san nozul ɗinta da laulayi, wallahi wannan rasit ɗin ya fi min sabbin tayoyi huɗu daraja.

Akwai wani abu kuma da ya shafe mu kai tsaye wanda ba a cika faɗa ba. A shari'ar da kotun Tarayyar Turai ta yanke a Yulin 2022, an bayyana cewa sabuwar sofwayar tana barin EGR ya yi cikakken aiki ne kawai in zafin gari yana tsakanin digiri 15 da 33, kuma ƙasa da tudun mita 1,000, in an fita daga nan sai ta rage shi, kotun ma ta ce wannan ɗin shi ma dabara ce da doka ba ta yarda da ita ba sai da ƙwaƙƙwaran dalili. To ka duba Kano ko Sakkwato ko Maradi a watan Afrilu da rana tsaka, ai mun wuce 33 tun hantsi, Jos kuma ta haura mita 1,000. A nawa lissafin wahalar da afdet ke ba EGR ba za ta kai ta Turai ba a lokacin bazara, sai dai da damina da safiyar hunturu. Ba ina cewa matsala ta kau ba ne, amma dai kar a tsorata ka da kalmar afdet kawai.

Sai wadda ba a taɓa ba. Masu son mota da yawa sun fi son ta, suna cewa ta fi ja ta fi sauƙin mai, kuma a kan injin shi kaɗai ba zan musa ba. Amma ka tambayi kanka yaya aka yi ta tsira? A Jamus wanda ya ƙi kai motarsa ana iya soke mata rajista, don haka wadda ta iso nan ba afdet ko dai ta bar can tun da wuri ta yi shekaru tana gararamba a wata ƙasa, ko ta fito daga inda ba a tilasta ba. Ma'ana tarihinta ne ya kamata ka bi. Ba tarihi, ba rasit, mita kuma ta nuna kilomita kaɗan kamar ba a hawa, ni kam sai in wuce.

'Yar Amurka labarinta daban ne, can ne aka matse kamfanin da gaske. A Oktoban 2016 alƙali Charles Breyer a San Francisco ya amince da sulhun dala biliyan 14.7, mai mota ya zaɓa ko kamfani ya sake sayen motarsa ko a gyara, kuma ko wanne ya zaɓa akwai diyya daga dala 5,100 zuwa 10,000. Dubban ɗaruruwan motoci aka saye aka jibge a filaye, har da filin wasa na Silverdome a Michigan, kuma ba a yarda a sake sayar da su ko a fitar da su waje ba sai an gyara. Gyaran can ya fi na Turai nauyi, Jetta da Golf na 2009 zuwa 2014 har ƙarfen tace hayaƙi aka canza musu ba sofwaya kaɗai ba, an kuma faɗa wa masu su a rubuce cewa shan mai zai ɗan ƙaru. Passat ta 2012 zuwa sama tana shan ruwan AdBlue, wani ruwa da ake zuba mata a tanki daban don rage NOx, bayan gyara ta ƙara sha, kuma in ruwan ya ƙare motar ba za ta tashi ba, saboda haka kafin ka saya ka tabbatar akwai inda za ka riƙa samunsa a garinku. Ita sitikar gyaran tana ƙarƙashin bonet. Kuma ka saka lambar chasis ɗin nan mai harufa 17 a shafin NHTSA, hukumar kiyaye haɗurran titi ta Amurka, kyauta ne, zai nuna maka in akwai kiran gyara na kariya daga haɗari da ba a yi ba, amma ba na hayaƙi ba.

Masu sha'awar Jeep Grand Cherokee ko Ram 1500 EcoDiesel na 2014 zuwa 2016 ku ma haka, Fiat Chrysler sun yi nasu sulhun a Janairun 2019 kan motoci wajen 100,000, bayan afdet mutane suka yi ta kukan cewa in ka taka totur motar sai ta yi jim kafin ta zabura, abin tsoro in kana shiga babban titi, har sai da aka sake fitar da wata sofwayar. In za ka saya ka tambaya wacce ce a kai.

Yanzu maganar garanti, wadda wasu diloli ke yi wa mutane romon baka da ita. A Amurka garanti na gaske aka bayar, na motocin 2009 zuwa 2014 shekara 10 ko mil 120,000 daga ranar da aka fara sayarwa, ko shekara 4 ko mil 48,000 daga ranar gyara, duk wanda ya fi tsawo, kuma yana bin mota ko ta canza hannu. A Turai kuwa ba a kira shi garanti ba ma, alƙawarin kyautatawa ne aka yi a 2017, wata 24 daga ranar afdet, kan kayayyaki 11 na EGR da layin mai da salansa, motar kuma kar ta wuce kilomita 250,000. Yi lissafi da kanka, kusan duk sun ƙare, wanda bai ƙare ba ma sai ka kai motar garejin dilan can, wa zai mayar da mota Texas daga Kaduna saboda bawul? Diyya ma haka, kotun ƙoli ta Jamus a Mayun 2020 ta ce a biya wanda ya saya kafin asiri ya tonu, a Yulin 2020 kuma ta ce wanda ya saya bayan nan ba shi da komai, a Ingila aka sasanta kan fam miliyan 193 a 2022 ga mutum wajen 91,000. Duk wannan na masu motar na can ne a lokacin. Kai garantinka shi ne abin da kuka rubuta da dila, don haka ka nemi ya ba ka ko da sati 2 ne a rubuce, da shaidu, cewa in fitilar injin ta kama ko mota ta rage gudu da kanta gyara nasa ne. In ya ƙi, a rage kuɗi.

Akwai ta huɗu da ba a tallata ta, wadda aka fasa DPF ɗin aka zubar da cikinsa, aka toshe EGR, aka yi wa kwamfuta wasa don fitila ta mutu. Ga gwaji mai sauƙi, mota a kashe salansa ya huce, sa yatsa cikin bakinsa ka shafo. Mai lafiyayyar matata yatsanka zai fito kusan fes, ɗan toka-toka kawai, in ya fito baƙi ƙirin kamar ka taɓa gindin tukunya to an fasa ko ta tsage. Wasu za su ce ai gara haka a ƙasar nan, na fahimci dalilinsu, amma ba ka san wa ya taɓa kwamfutar ba kuma ba ka san iya abin da ya sani ba, ga hayaƙin duk a fuskar mai babur da yaran da ke bayanka zai ƙare. Aƙalla dai kar ka biya kuɗin cikakkiyar mota.

Shi kansa man abin dubawa ne. An ƙera injinan nan don gas mai sulfa kashi 10 cikin miliyan a Turai, 15 a Amurka, mu kuwa mun daɗe ana shigo mana da mai ɗauke da dubbai, ECOWAS ta tsayar da 50 a 2020 amma abin da ke cikin jarkar ɗan bumburutu Allah kaɗai ya sani. Famfon Bosch CP4 da ke kan 2.0 ba ya haƙuri da gas mai ruwa ko wanda aka haɗa da kananzir, in ya ci kansa garin ƙarfe yake watsawa har nozul da tanki, gyaran kuma sai ka ji kamar ka sayar da motar. Gidan mai ɗaya amintacce, filta a kan lokaci, baƙin mai kuma mai lamba VW 507 00, ba duk wanda aka miƙo maka a Ƙofar Ruwa ba.

In zirga-zirgarka daga gida zuwa kasuwa ce zuwa makarantar yara cikin gosulo, dan Allah ka bar duk huɗun nan ka nemi 'yar fetur, domin DPF sai ya kai zafin wajen digiri 600 yake ƙone tokarsa, hakan kuwa sai a doguwar hanya. In kuma kai ɗan Kano zuwa Abuja ne duk sati, to 2.0 'yar Turai mai afdet da rasit ita zan fara dubawa, sai wadda ba a taɓa ba mai tarihi, 'yar Amurka mai AdBlue a ƙarshe. Ranar gwaji ka je da sassafe ka ce kar a tayar da ita kafin ka iso, ka taɓa bonet ka ji da sanyi, ka tafi da makaniken da ke da sikana ba mai saurare da kunne kaɗai ba, ka ce masa "oga duba min nauyin tokar DPF da kilomita nawa ta yi tun ƙonawar ƙarshe, da gyaran da kowane nozul ke yi". Sannan ku hau baifas, a giya na 4 daga gudu kaɗan ka take totur har ƙasa, in ta yi shiru ko ta yi tari ko fitila mai kama da murɗaɗɗiyar waya ta fara ƙiftawa a das bod, ku juya ku mayar wa Alhaji makullinsa.