Folding@home a zafin Sakkwato: manhajar ta yi, katin hoton jabu ne ya cuce ni

Wata huɗu ke nan ina ba da aron ƙarfin kwamfutata ga Folding@home, shirin nan da Vijay Pande ya fara a Jami'ar Stanford a shekarar 2000. Ga wanda bai san shi ba, masu bincike ne ke yanyanka babban lissafin motsin furotin zuwa ƙananan ƙunshi, su rarraba wa kwamfutocin 'yan sa-kai, kowa ya lissafa nasa ya mayar. A watan Afrilun 2020 ƙarfin da jama'a suka haɗa ya haura eksafulof 2 (eksafulof ɗaya lissafi biliyan sau biliyan ne a daƙiƙa guda), kuma da shi aka taimaka wa shirin COVID Moonshot wajen tantance sinadaran da za su toshe babban almakashin ƙwayar cutar korona, wato furotin ɗin da ke yanka doguwar sarƙar da ƙwayar ke ƙerawa zuwa guntayen da take hayayyafa da su. In aka toshe almakashin, hayayyafa ta tsaya. Mu da zazzaɓin Lassa ke ɗibar mana mutane duk rani, irin wannan bincike ba abin da za mu kalla daga nesa ba ne.

Saka manhajar ba wuya. Minti biyar ta hau, ta gane furosesa, ta ja aikin farko. Katin hoto ne ya ƙi, alhali shi ne zuciyar abin, domin kati mai matsakaicin ƙarfi yana lunka aikin furosesa sau da yawa.

Katin da aka sayar mini an ce GTX 1050 Ti ne mai gigabait 4. Kwali ya faɗi haka, takardar da aka manna a bayansa ta faɗi haka, har kwamfutar ma da na kunna sunan da ta nuna ke nan. Amma manhajar ta ƙi ba shi aiki ko ɗaya. Na fara zargin direba, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta iya sarrafa katin, don sau da yawa wanda kwamfuta ke saukewa da kanta ba ya zuwa da OpenCL cikakke, wato hanyar da manhaja ke bi ta ba katin lissafi, kuma ba tare da shi ba katin ba zai karɓi komai ba. Na goge shi tas, na sauko da sabo daga shafin masu ƙera katin, sai ya ƙi hawa, wai bai ga na'urar da ta dace da shi ba. Wanda ke cikin faifan da aka haɗo da kwalin kaɗai yake karɓa, tsohon yayi ƙwarai. A nan jikina ya yi sanyi.

GPU-Z, ƙaramar manhajar da ke nuna ainihin abin da ke cikin katin hoto, ita ce ta tona asiri. Ainihin 1050 Ti yana da ƙananan injinan lissafi 768. Nawa 192 ya nuna, kuma manhajar ta rubuta a gaban sunansa cewa jabu ne. Wannan adadi na GTS 450 ne, katin 2010, zuriyar Fermi. Abin da maƙera jabun ke yi shi ne su sake rubuta ƙwaƙwalwar katin ya riƙa kiran kansa da sunan da ba nasa ba, su ɗora masa sabon murfi da fanka biyu. Fermi ya tsaya ne a OpenCL 1.1, ayyukan katin hoto na Folding@home kuwa 1.2 suke nema zuwa sama. Don haka ba gyaran da zai sa ya yi. Ko an kwana ana sauya direba, jaki ba zai zama doki ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai, alamar tana fili. Katin yana da mashigin VGA, shuɗin nan mai ramuka 15. Zuriyar Pascal, wadda 1050 Ti ke cikinta, ta bar fitar da hoto ta tsohuwar hanyar nan, don haka in ka ga wannan mashigi a jikin katin da aka kira 1050 Ti ko 1060, ajiye shi ka kama gabanka. Da na mayar, mai shagon cewa ya yi, "Malam, ai yana nuna hoto." E, yana nunawa. Wanda zai kalli fim ko ya buga takarda ba zai taɓa ganewa ba, shi ya sa ake ta sayar da su hankali kwance. Kuɗina bai dawo ba, sai da na yi ciko aka ba ni wani na hannu, shi ma bayan na tsaya an jona shi a gabana na ƙirga 768 da idona. 'Yan'uwa, ku tafi da GPU-Z a filashi, ba ta buƙatar sakawa. Ku duba adadin injinan da sunan guntun da ke ciki: GP107 ya kamata ku gani, in kun ga wanda ya fara da GF, Fermi ne.

Da katin gaske ya hau, gaskiya na ji daɗi. Aiki na zuwa, kana ganin lambar binciken da bayanin cutar da ake aiki a kanta. A nemi kalmar sirrin da ake kira passkey tun ranar farko, don sai ka kammala ayyuka 10 da ita, kuma ka ci gaba da mayar da aƙalla kashi 80 cikin ɗari a kan lokaci, kafin a fara ba ka ladan saurin mayarwa, wato ƙarin maki. Makin ba kuɗi ba ne, ba ya sayen ko goro, amma yana nuna maka ko injinka na da amfani.

Sai dai daga nan murnata ta fara raguwa, kuma ba laifin masu binciken ba ne. An tsara abin ne da tunanin kwamfutar da ba a ɗauke mata wuta. Kowane aiki yana da wa'adi, na katin hoto wani lokaci kwana ɗaya ko biyu ne kacal, in ya wuce sai a tura wa wani irinsa, naka ya zama aikin banza ko kusa da haka. Manhajar tana ajiye inda ta tsaya lokaci-lokaci, ta ɗora daga nan in an dawo da wuta, amma ɗaukewar bazata kan lalata ajiyar. Sau uku na rasa aikin da ya wuce rabi ta haka. Ba tare da inbata ba, kada ma a fara.

Lissafin wutar ga shi. Katin wat 75 yake ja, injin gaba ɗaya kusan 150. A awa 24 yunit 3.6 ke nan. Batir mai bolt 12 da amfiya 200 yana ɗauke da yunit 2.4 a takarda, amma in kana son ya yi ƙarko rabi kawai za ka sha, wato awa 8 in ba a cire asarar inbata ba. Mai sola ya fi kowa dacewa: a kunna da hantsi, a danna maɓallin da ke cewa ya gama aikin da ke hannu ya tsaya kafin la'asar, kada a bar shi ya ja sabo da dare.

Sannan zafi. A bazara, lokacin da gari ke haura digiri 40, ɗaki mai rufin kwano a Mabera ko Arkilla tanda ne. Katin kan kai digiri 83 ya fara rage gudu da kansa. Abin da ya yi mini aiki: cire murfin gefen akwatin, ɗora shi kan tebur ba ƙasa ba, sa fankar tsaye tana hura shi, da rage iyakar wutar katin zuwa kashi 75 da manhajar MSI Afterburner. Aikin ya ragu kaɗan, zafin ya sauka sosai. Na kuma kashe aikin furosesa gaba ɗaya, don zafin da yake ƙarawa ya fi amfaninsa, kuma katin ma yana buƙatar a bar masa zare ɗaya na furosesa, wato layin aiki guda, da zai riƙa miƙa masa aiki. Da hunturu zafi ya yi sauƙi sai ƙura ta karɓa, duk mako biyu sai an hure fanka, a riƙe ta da yatsa kada ta juya lokacin hurawa. Laftof kuwa ban ba da shawara ba sam a garin nan, batirinta zai kumbura.

Data ma tana tafiya, don sakamakon da ake mayarwa kan kai megabait gommai a aiki guda, kuma in layin intanet ya yanke ana tsakiyar turawa sai a sake daga farko.

Ga manhajar ina ba da huɗu cikin biyar, ɗayan na cire ne saboda gajeren wa'adi. Mai tsohon injin da ba shi da katin kirki ya gwada BOINC, wata manhajar ba da aron ƙarfin kwamfuta ta Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, ya jona shirin bincike na World Community Grid ta cikinta, don ayyukansu na furosesa sun fi ba da sararin kwanaki. Katin jabun nan kuwa har yau in na tuna cikon da na yi sai raina ya ɓaci, kuma da na koma shagon na iske shi a cikin gilashi an sake manna masa farashi.