Filin golf na dutse da kududdufin kuza a PGA Tour 2K23: ido ya ƙoshi, amma tutoci na buƙatar gyara

Wannan filin ba na kamfani ba ne. Wani mai sha'awar wasan ne ya zauna ya ƙera shi da kayan zanen fili da ke cikin PGA Tour 2K23, wasan golf na kwamfuta da na'urar gem, ya sake shi kyauta ga duk mai so. Ramuka 18 ne, ƙa'idar bugunsa 71, wato yawan bugun da ake sa ran gwani ya gama da shi, kuma yana da mafara uku, wato wuraren da ake yin bugun farko: ta baƙi yadi 6,940, ta fari 6,410, ta ja 5,600. Kamannin ƙasar Rayfield ya ɗauko, wato jar ƙasa, tarin duwatsu, bishiyoyin turare da kududdufan da haƙar kuza ta bari. Kada a ɗauka kwafin Rayfield Golf Club ne rami da rami, wancan tsohon kulob da aka kafa a 1913 zamanin Turawan kuza. Yanayin wurin kawai ya ara, tsarin ramukan nasa ne.

Hukuncinmu tun daga farko: daga mafara zuwa bakin girin, wato lallausar ciyawar da ramin yake cikinta, aiki ne na wanda ya san golf. A kan girin ɗin kansa, musamman inda ya kafa tutocin da ke nuna ramin a jeri na uku da na huɗu cikin jeri huɗu da ake zaɓa, akwai kurakuran da ke ɓata zagaye ɗungurungum.

Mu fara da abin da ya yi kyau, don yana da yawa. Cikin nau'o'in yanayin ƙasa da wasan ke bayarwa, jigon Steppe ya zaɓa, kuma shi ne daidai, domin shi ke ba da busasshiyar ciyawa da duwatsun da suka fi kusa da na Filato. Ya saukar da rana ƙasa-ƙasa kamar ta bayan la'asar, ya ƙara hazo kaɗan, sai filin ya fito tamkar watan Disamba a Jos. Wannan ba ado kawai ba ne. Hasken da ke zuwa a karkace shi ke fito da inuwar tudu da kwari, har mutum ya gane gangaren feyawe, wato gyararriyar hanyar ciyawa zuwa girin, tun yana tsaye a mafara. Masu zane da yawa suna barin rana tsaka, filinsu ya fito shafal kamar tabarma. Duwatsun ma bai watsa su barkatai ba. Ya binne rabin kowane babban dutse a ƙasa, ya jujjuya su, ya bambanta girmansu, ya ɗora ƙanana a kan manya irin yadda ake gani a hanyar Riyom. Wanda ya taɓa buɗe kayan zanen ya san nau'in duwatsun da ke ciki ba su da yawa, don haka in ba a juya su ba, dutse ɗaya za ka yi ta gani yana maimaita kansa.

Rami na 4 ne gwanin filin. Mai bugu huɗu ne, yadi 338 daga baƙi, kududdufi na kwance a hagu tun daga yadi 210 har gefen girin. Zaɓi biyu gare ka. Ko ka ɗauki sandar ayan 4 ka ajiye ƙwallo a faffaɗan wurin da ke yadi 200 zuwa 215, ka bar wa kanka kusan yadi 125 a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, ko ka zaro direba, sandar da ta fi kai ƙwallo nesa, ka nufi wuyan feyawe da bai wuce faɗin yadi 22 ba, ka rage saura yadi 50. Dabarar mai zanen ita ce girin ɗin ya karkata daga dama zuwa hagu, wato zuwa ruwa, kuma ramin yashi ya tsare gabansa ta dama. Wanda ya ji tsoron ruwa ya kauce dama, sai ya tarar dole ya tsallake yashi ya sauka a kan gangaren da ke tura ƙwallo cikin kududdufin da ya guda. Wanda ya matsa kusa da ruwa tun a bugun farko shi ke samun ƙofa a buɗe. Ramin da ke sa mutum tunani tun kafin ya taɓa sanda ke nan.

Na 7 ma ba baya ba. Mai bugu uku ne, yadi 178, kuma mafarar na kan tudun ƙasar haƙa, ƙafa 42 sama da girin. Lissafin da aka saba shi ne kowace ƙafa uku ta gangara a cire yadi ɗaya, don haka 178 ta koma 164. In iska na fuskantarka da mil 8, mayar da yadi 8 zuwa 10, ka koma wajen 173. Wanda ya saba buga ƙwallo a Jos ta gaske ya san tana ƙara nisa saboda garin na sama da mita 1,200 daga teku kuma iskarsa ba ta da kauri, to kada ya shigo da wannan ragin cikin wasa. Lambar da ke jikin sandarsa a allo ita zai bi.

To, sai girin.

Duk wanda ke buga wasan ya san ragar da ke bayyana a kan girin in an ɗauki fota, sandar gangara ƙwallo cikin rami: kore na nufin gangare mai sauƙi, rawaya ya fara tsanani, ja kuwa ƙwallo ba ta tsayawa. Masu tantance filaye a TGC Tours, dandalin da ke shirya gasannin wasan a intanet, suna da ƙa'ida sananniya, cewa gidaje tara na ragar da ke kewaye da tuta, uku a tsaye uku a kwance, kada a ga rawaya ko ja a cikinsu. Dalilin a fili yake. Faɗin ramin golf inci huɗu da kwata ne kawai, kuma dole wanda ya kuskure shi da kaɗan ya samu ƙwallonsa ta tsaya kusa. A jeri na ɗaya da na biyu na tutocin wannan fili, ƙa'idar ta cika a kowane rami. A jeri na uku ta karye a rami na 6 da na 13. A na huɗu ta karye a 6, 11, 13 da 16.

Na 13 ne ya fi muni. Girin ɗin hawa biyu ne, tsakaninsu gangare mai tsayin inci 20 ko fiye, kuma tutar jeri na huɗu na zaune taku ɗaya daga leɓen hawan sama. In ka bugo daga ƙasa ƙwallo ta gaza da inci shida, za ta tsaya kamar mai shawara, sannan ta juyo ta wuce ƙafarka, ta sauka daga girin. In ka bugo daga sama ta wuce ramin da kaɗan, tafiyar ƙafa 35 ce. Ba wahala ba ce wannan, caca ce. Alamu sun nuna an sassaƙa girin ɗin ne ana gwada shi a matsakaicin gudu, daga baya aka ɗaga gudun zuwa mafi sauri gab da wallafawa, ba a koma an duba tutocin ba. Launin ragar yana canjawa da gudun girin: gangaren da yake kore a matsakaici yakan koma rawaya in an ƙara sauri. Kuskure ne da sababbin masu zane ke yawan faɗawa.

Gyaran ba mai wuya ba ne. A 6 da 16, matsar da tuta yadi uku zuwa huɗu cikin girin ya wadatar. A 11 da 13 sai an taɓa ƙasa. A ɗauki burushin daidaita ƙasa mai laushin baki, ba mai kaifi ba, a buɗe shi ya kai faɗin yadi bakwai ko takwas, a ɗora a inda tutar take, a danna sau ɗaya, a koma a duba ragar. Mai kaifin baki yana barin gaɓa kamar matakala, kuma ita ce ake gani a bayan girin na 11, inda wani jan layi siriri ya ratsa kore ba gaira ba dalili. Bayan haka a gwada kowace tuta daga kusurwa huɗu a gudun da za a wallafa filin da shi, ba wanda ya fi shi sauƙi ba.

Matsala ta biyu ta shafi alamomin hanya, waɗanda mai zane ke sakawa don nuna wa wasan inda rami ya bi. Su ne ke tantance tsawon ramin a kati da kuma inda wasan zai saita maka kai tsaye. A rami na 9, mai bugu biyar da ke lanƙwasa dama, alamar farko ta faɗa cikin doguwar ciyawa bayan kwanar, don haka wasan na miƙa maka direba yana nuna maka tsakiyar bishiyoyin turare. Wanda ke buga matakin Pro zai duba taswirar sama ya gyara. Wanda ya kashe kayan taimako, kamar yadda ake yi a gasannin Master, ba ya ganin inda ƙwallo za ta sauka domin tudu ya tare, kuma babu ko sanda ko dutse ɗaya da aka kafa a kan tudun don ya zama abin saiti. Makahon bugu ba laifi ba ne a golf, tsofaffin filayen Sikotlan cike suke da shi, amma can akan kafa alama. A nan, ka nufi gefen hagu na dutsen nan mai kama da tulu, ka bar direba ka ɗauki sandar katako 3. Yadi 245 ya isa.

Ruwan rami na 15 kuma yana shawagi. Kududdufin na kan tudu, don haka da shimfiɗar ruwa aka yi shi maimakon a haƙa ƙasa har ruwan ƙasa ya fito, kuma a kusurwar da ke kallon mafarar 16 gefen shimfiɗar ya leƙo waje, ana ganin sarari a ƙarƙashinsa. Ɗaga bakin gaɓar da ƙafa ɗaya ko biyu zai rufe shi. Abin da ya fi wannan ciwo shi ne wurin ajiye ƙwallo bayan ta faɗa ruwan: wasan na ajiye ta a bayan wani dutse da ya fi mutum tsayi, sai ka biya tarar bugu, ka sake ɓata wani wajen fitowa gefe. A cire dutsen, ko a matsar da shi yadi biyar.

Ramukan yashi dai-dai gwargwado. Guda 41 ne, yawancinsu an zurfafa su yadda ake hango yashin daga nesa. Uku ko huɗu a ramukan ƙarshe an shafa su ne kawai a kan ƙasa ba a haƙa ba, da alama gajiya ta kama mai aikin.

Akwai wani abu da ya shafi masu bugawa a nan gida musamman. Gidajen gem da yawa a Jos har yanzu PS4 suke da ita, kuma PGA Tour 2K25 da ya fito a Fabrairun 2025 bai sauka a kanta ba, shi ya sa 2K23 na Oktoban 2022 ke da sauran kasuwa. Mai zanen ya cika ciyawa da ƙananan tsirrai tsakanin rami na 10 da na 12, inda ramuka uku ke kallon juna, kuma a PS4 hoton na ɗan sarƙewa a wurin. Ga mai buga wasan da 'yar sandar da ke jikin abin sarrafa gem, wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin wasan na auna saurin jan sanda baya da turata gaba, kuma hoto in ya yi tsalle, hannu na rasa kari. Sakamakon shi ne bugun da wasan zai kira mai sauri, ƙwallo ta karkace hagu ga na-dama, ko mai jinkiri ta zille dama. A PS5 da kwamfuta mai ƙarfi matsalar ba ta bayyana. Mai PS4 zai iya komawa salon danna maɓalli sau uku a waɗannan ramuka in ba gasa ake ba, ko da yake shi ma yana jin sarƙewar kaɗan. Maganin gaske na hannun mai zane: ya rage ciyawar da ke bayan mafara da wadda ke nesa da layin wasa, wadda babu mai ganinta sai kyamarar sama. Rage kashi ɗaya cikin uku ba zai canja kamannin wurin ba. Sannan a tuna filayen da 'yan wasa suka ƙera daga intanet ake ɗauko su, don haka a tabbatar da data da wuta kafin a tara mutane.

Wani zai tambaya me ya sa bai yi girin na yashi ba, irin wanda tsofaffin filayen Arewa suka saba da shi, yashi da aka cakuɗa da mai ana share shi kafin a buga. Wasan ba shi da irin wannan shimfiɗa, yashinsa na ramin yashi ne kawai. Abin da mai zanen ya yi shi ne zaɓar ciyawar girin mafi kodewa, kuma ta zauna da sauran launukan filin.

Ga wanda zai buga shi yau, saitin da ya fi dacewa shi ne mafarar fari, tutocin jeri na ɗaya ko na biyu, gudun girin matsakaici ko mai sauri amma ba na ƙarshe ba, taurin ƙasa matsakaici, iska daga arewa maso gabas kamar ta hunturu. Da wannan iskar rami na 4 da na 7 suke fito da haƙoransu, na 18 kuma, mai bugu biyar yadi 512 daga fari, yakan shiga hannu a bugu biyu. In ƙungiya ce za ta yi gasar zagaye huɗu, ta maimaita jeri na ɗaya da na biyu sau biyu-biyu, ta bambanta su da ƙarfin iska. Filin da aka riga aka wallafa ba ya gyaruwa a wannan wasa, sai dai mai shi ya koma kan ainihin zanensa ya sake fitar da sabo da wani suna, don haka wanda ya ga iri biyu a jerin bincike ya buɗe rami na 13 a jeri na huɗu ya duba ragar kafin ya zaɓa. Yadda yake yanzu, mun ba shi uku da rabi cikin biyar.