Sharhi Kan Garin Asid da Nake Sanyawa a Abincin Tarwada

Garin da nake magana a kansa haɗi ne na gishirin asid iri uku, wato fomik, furofiyonik da sitirik, wanda ake samu a shagunan magungunan dabbobi a cikin leda mai kilo ɗaya. Na yi amfani da shi a noman tarwada da na kammala a daminar da ta wuce, inda na riƙa zuba giram 3 a kowane kilo na abincin da nake haɗawa da kaina daga waken soya, masara, ƙuliƙuli da garin kifi, na kuma bar kwami ɗaya a kan abincin da ba a sa masa komai ba domin in ga bambanci.

Irin wannan haɗi ya samu karɓuwa ne bayan da Tarayyar Turai ta haramta sanya magungunan kashe ƙwayoyin cuta a abincin dabbobi don ƙara musu girma a shekarar 2006. Aikinsa shi ne ƙara tsami a abinci da cikin kifi, abin da ke takura wa ƙwayoyin cuta irin su Aeromonas, wadda ke jawo gyambo da kumburin ciki, yayin da sitirik ke taimakawa wajen sakin fosforas, wato sinadarin da kifi ke buƙata don gina ƙashi, da ke ɗaure a cikin waken soya.

Inda na fi ganin amfaninsa shi ne mace-mace. A makonnin farko bayan zuba 'ya'yan kifi, lokacin da aka saba tsintar gawa kusan kowace safiya, kwamin da ke cin abinci mai asid sun fi kwanciyar hankali, kuma ban buƙaci maganin kashe ƙwayoyin cuta a cikinsu ba. Abincin ma ya daɗe a rumbu bai yi funfuna ba duk da laimar Agusta, wanda aikin furofiyonik ne, kuma duk wanda ya taɓa zubar da buhu saboda ruɓa ya san darajar hakan.

Batun girma kuwa, bai kai yadda takardar jikin ledar ta zuzuta ba. Kifin sun ɗan fi nauyi ranar awo, amma ba ratar da za ta sa mai sari ya ƙara farashi ba. Haka nan garin yana narkewa da sauri a ruwa, don haka dole a cuɗa shi cikin haɗin kafin a kai injin dunƙulawa, ko a shafe abincin da ɗan mai. Barbaɗawa a sama asara ce kawai. Yana kuma cin ƙarfe, sai a wanke injin bayan aiki.

Ga mai haɗa abincinsa da waken soya mai yawa, kuɗin garin sun halatta, muddin yana canza ruwa a kan kari, domin asid ba ya gyara ruwan da ya lalace. Wanda ke sayen abincin kamfani mai yawo a saman ruwa, gara ya fara duba jerin kayan haɗin da ke jikin buhu, saboda wasu kamfanonin sun riga sun sanya shi.