Keken gwanjon da nake zuwa aiki da shi, da abin da dilan ya ɓoye mini

Mutum uku a wajen aikinmu sun tambaye ni ko su sayi irin keken nan nawa, kowanne na ce masa ya dakata tukuna, don maganar ta fi ƙarfin a yi ta a tsaye a bakin ƙofa. Keken dai irin na gwanjon nan ne da ake shigowa da su daga Turai, waɗanda muke kira 'yan Beljiyam, mai giya 21, siririyar taya, da kariya a baya. A watan Fabrairun 2024 na saye shi a hannun wani dila a Sabon Gari. Kun san yadda kuɗinsu yake, ba sai na faɗa ba. Ni dai sai da na haɗa da kwasar adashina kafin ya zama nawa.

A Rijiyar Zaki nake zaune, ina aiki a wata maɗaba'a kusa da Ƙofar Nassarawa, kuma ni ke riƙe da mukullin sito. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 kuɗin adaidaita sahu ya fara cin albashina ta tsakiya. Hawa biyu zuwa, hawa biyu dawowa, kwana shida a mako. Acaɓa kuwa tun 2013 aka hana ɗaukar fasinja da ita a cikin Kano, kuma ko babur na kaina na saya, shi ma fetur ɗin zai sha. Shi ya sa na koma wa keke, abin da rabona da shi tun ina sakandare, ina satar hawan Raleigh ɗin mahaifinmu in ya kwanta ƙailula.

Gaskiya ɗaya ce, watannin farko na ji daɗin keken nan ƙwarai. Ba shi da nauyi, da hannu ɗaya nake ɗaga shi in tsallake kwata. Giyarsa ta Shimano ce, tana shiga lafiya lau ba ƙara, hawan fitowa daga ƙarƙashin gadar Kabuga da nake tsoro sai ya zama ba komai ba. Daga ƙofar gida zuwa ƙofar aiki, ta titin BUK, Gadon Ƙaya, Ƙofar Na'isa, Ɗan Agundi har Gidan Murtala, minti arba'in ne in ban yi sauri ba. A adaidaita sahu, da jiran a cika da sauke wannan a ɗauki wancan, sau da yawa nakan ci awa guda. Azumin shekarar ya faɗo cikin tsakiyar zafi, Maris zuwa Afrilu, amma ko a lokacin ban ajiye shi ba. Da safe nakan fita da wuri kafin rana ta buɗe, da yamma in taka a hankali in isa gida dab da shan ruwa. Ƙarshen wata na farko da na ga kuɗin mota suna nan a aljihuna, buhun masara na ƙara wa gida, uwargida ta yi ta sa wa keken albarka.

Sai wata ranar Litinin cikin Agusta.

An kwana ana ruwa, gefen titi duk yashi da tarkacen da ruwa ya kwaso. Muna da aikin katin biki da za a karɓa da azahar, takardar kuma tana cikin sito, mukulli yana aljihuna. Ƙarfe bakwai da kwata na bar gida. Ina fitowa daga ƙarƙashin gadar Gadon Ƙaya, ina cikin hawan, sai na ji tau! kamar an fasa leda, tayar baya ta zauna a ƙasa. Allah ya tsare ba mota a bayana kusa. Ban damu sosai ba a lokacin, don a titin nan ba ka tafiyar minti biyar ba ka ga mai faci ba. Na tura keken zuwa wajen wani saurayi da ke ƙarƙashin bishiya da injin iskarsa. Ya kwance tayar, ya zaro tiyub, ya yi faci. Da ya zo ba da iska sai ya tsaya yana jujjuya bawul ɗin a hannunsa.

"Malam, wannan bawul ɗin na ina ne? Bakin injina ba ya kama shi."

Ya gwada ya sake gwadawa, ya naɗa masa roba, ya danna da babban yatsa, iskar tana tsiyayewa ta gefe. Ashe bawul ɗin keken nan siriri ne, mai ɗan kusu a kai da ake warwarewa, irin wanda Turawa ke kira Presta. Ba irin na babur da mota ba ne, ba kuma irin na tsohon Phoenix mai 'yar roba a ciki ba. Duk watannin nan da ɗan famfon hannu da ya zo maƙale a jikin keken nake ƙara iska a gida, shi ya sa ban taɓa sanin akwai matsala ba. Ranar kuwa famfon yana gida, yarona ya cire ya hura ƙwallo.

Na ce to a sa sabon tiyub mai bawul irin namu. Aka aiki yaro ya sayo. Ramin da ke jikin wilin ya yi wa bawul ɗin kaɗan, ya ƙi shiga. Muna cikin wannan sai mai facin ya juya tayar kanta ya nuna mini gefenta: ta dare kusan tsawon yatsa, zaren ciki duk a waje. Ya murza gefen da tsumma, tsumman ya yi baƙi ƙirin, a ƙarƙashi kuma tsage-tsage ne birjik kamar ƙafar da hunturu ya ci. Wato tsohuwar taya ce da ta riga ta bushe, aka shafa mata baƙin fenti ko man takalmi don ta yi ƙyalli a shago. A nan zuciyata ta fara tafasa. Ranar da nake ciniki da bakina na tambayi dilan nan, na ce Alhaji yaya tayoyin, ya ce mini, "Sababbi ne fil, ko shekara biyu za ka yi ba ka taɓa su ba." Na sake tambaya, in abu ya lalace ana samun kayansa? Ya ce, "Taya 28 ce, ko a ƙauye za ka samu."

To, 28 ce a rubuce, ban ce ya ƙirƙira ba. Mai facin ya kai ni wajen wani mai sayar da kayan keke a gaba, na sayi taya 28, muka dawo. Ta shige wilin kamar an sa wa yaro rigar babansa, tana lilo, ba inda ta kama. A ranar na koyi abin da ya kamata a ce wanda ya karɓi kuɗina ne ya gaya mini: 28 iri biyu ce. Ta tsofaffin kekunanmu, Phoenix da Raleigh da Hero, lambarta 635 ce. Ta irin wannan nawa kuwa 622 ce, wadda ake rubuta wa 700C. Bambancin milimita 13 ne kacal, amma wannan ba ta zama a wilin waccan ko me za a yi. Lambar tana nan rubuce a gefen tayar, 37-622, ƙanana, fentin ya kusa rufe ta. Mai shagon ya ƙi karɓar tayarsa, ya ce an riga an ɓare ledar.

Ƙarfe tara ta wuce. Wayata tana ta ruri, oga ne. Na tsayar da adaidaita sahu ya fi shida, kowanne ya kalli keken ya girgiza kai ya ja. Wanda ya yarda daga ƙarshe sai da na biya shi kuɗin shata, muka cusa keken a baya, tayar gaba tana leƙe waje, ina riƙe da shi da hannu biyu har Ƙofar Nassarawa. Sha ɗaya saura na isa. Ma'aikata huɗu suna zaune a benci, inji a kashe, ɗan'uwan ango yana tsaye ya harɗe hannu. Oga bai ɗaga murya ba, cewa kawai ya yi, "Malam, in keken nan ne zai riƙa tsayar mana da aiki, ka ba wani mukullin." Shekara bakwai ina wajen nan ban taɓa jin magana irin wannan ba. Katin bai fita ba sai bayan isha'i, kuma a ƙarshen wata an cire mini kuɗin rabin yini. Ban ga laifin oga ba. Laifin yana wajen wanda ya shafa wa mushen taya fenti ya ce mini sabuwa ce.

Washegari na je Sabon Gari da tayar a hannu. Na yi sallama, na ajiye ta a gabansa, na ce Alhaji dubi abin da ka ce mini sabo ne. Ko taɓa ta bai yi ba. Ya ce wata shida ina hawa, me nake so taya ta yi, ai wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Na ce ban zo don kuɗi ba, ka sayar mini da tayar da ta dace in biya. Ya ce babu, sai kwantena ta iso. Yaushe? Allah masani. Mutumin da shagonsa ke cike da kekuna masu irin wannan tayar, amma ba shi da ko ɗaya ta canji, kuma bai ga ya dace ya gaya wa mai saye ba. Wannan ne ya fi ƙona mini rai, fiye da fentin ma.

Kwana tara keken yana jingine a zaure, na koma adaidaita sahu, kuɗin da na tara suka fara komawa inda suka fito. Wani tsoho mai gyaran keke a cikin gari ne ya cece ni, abokin aikina ya kwatanta mini shi. Baba ya dubi wilin sau ɗaya ya ce, "Ɗana, wannan ai 700 ce." Ya shiga ciki ya fito da taya biyu masu kyau da ya cire daga wani keken da firam ɗinsa ya karye. Ya ɗauko abin huji ya ɗan faɗaɗa ramin bawul a wili biyun, ya goge bakin da fayil don kada ya yanki tiyub, ya sa mini masu bawul irin na babur. Ya ce wilina mai faɗi ne shi ya sa ya yarda, da siriri ne irin na tsere ba zai huda ba. Ya wanke kaca da kananzir ya sa mata mai, abin da ban ma roƙe shi ba. Allah ya saka wa Baba da alheri, ya sa ya gama da duniya lafiya. Yanzu duk mai facin da na tsaya wajensa zai ba ni iska.

Tun daga nan keken ya dawo yadda na san shi, kuma da litar mai ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024 na ƙara gode wa Allah da ban sayar da shi cikin fushi ba, don har na sa shi a kasuwa kwana biyu na fasa. Tumbin da na fara ajiyewa ya sauka, hawan bene ba ya sa ni haki. Masu cewa karayar arziki ce ta sa magidanci hawan keke, biyu daga cikinsu su ne yanzu ke tambayata inda ake sayarwa. Zufa kam akwai ta, musamman a bazara, don haka riga ta biyu tana cikin jaka a kan kariya kullum, in na isa in watsa ruwa a fuska in canja. Lokacin hazo kuma sai da takunkumi. Babbar fargabata a hanya 'yan adaidaita sahu ne, da zarar sun hango fasinja sai su yanko gefe ba sigina, kamar mai keke ba rai ne da shi ba. Tsakanin Ƙofar Na'isa da Ɗan Agundi yatsuna ba sa barin birki.

Da na tsaya a nan da sai in ce ku je ku saya. Amma ga shi a watan jiya wayoyin wilin baya sun fara tsinkewa, biyu a mako guda, kuma da Baba ya kwance ya duba sai ya nuna mini inda aka taɓa buga wilin aka miƙar da shi da guduma. Ya ce tsohon rauni ne, ya girmi zuwan keken hannuna. Shi ma an lulluɓe shi da sitika. Dilan nan ya rantse mini keken bai taɓa faɗuwa ba, daga kwantena sai shagonsa. Sai duk abin ranar Litinin ɗin nan ya dawo mini sabo, har maganar mukulli. Keke ne mai kyau, wanda ya ƙera shi ya iya aikinsa, amma duk abin da ya ba ni wahala a jikinsa abu ne da aka gani aka rufe da gangan kafin a miƙo mini.

Ku ukun da kuka tambaye ni, in za ku je, kada ku je ku kaɗai, ku ɗauki mai gyara ku biya shi kuɗin yininsa. Ku murza gefen taya da farin tsumma. Ku karanta lambar da ke jikinta, in 622 ce kada ku ba da kuɗi sai an haɗa muku da taya da tiyub na canji a cikin cinikin. Ku ɗaga keken ku juya wilin baya ku ga ko yana rawa, ku ɓare duk sitikar da ke kansa. Shagon da na sayi nawa kuwa ba zan raka kowa ba. Ni yanzu wili nake nema, 700 na baya mai ɗaukar giya bakwai, Baba ya ce in dawo ranar Asabar ko an dace.