Kwali ko leda mai manne wajen aika nektai da hula

Malam, ka tambaya wanne ya kamata ka saya don aika wa masu saye nektai da hula. To, tsakanin ledar aika saƙo mai manne a baki da ƙaramin kwali, kwalin za ka saya, amma ya zama daidai girman kayan, ba wanda za su riƙa yawo a cikinsa ba.

Dalilin yana cikin ɗinkin nektai ɗin kansa. A karkace ake yanka yadinsa, sannan a sa masa shafi mai kauri a ciki, na ulu ko na zaren roba, wanda shi ke ba shi jiki idan an ɗaura shi. Idan aka ninke shi, nauyi kuma ya hau kansa, karyewar ba ta tsayawa a yadin waje, har cikin shafin take shiga, kuma mai saye ba zai iya cire ta cikin sauƙi ba, domin dutsen guga mai zafi yana sa siliki ƙyalli, yana kuma kwantar da gefen da ya kamata ya kasance a ɗan kumbure. Saboda haka nannaɗe shi ake yi, a fara daga siririn bakin, ba tare da an matse ba. Nektai na manya, mai tsawon kusan santimita 145 zuwa 150, idan an nannaɗe shi yana zama daram cikin kwali mai santimita 10 ta kowane gefe.

A daminar da ta wuce wani ango a Kaduna ya sayi nektai launi ɗaya a wurina domin abokansa su ɗaura a liyafar biki. Na sa kowane ɗaya cikin farar leda marar kauri tare da ƙaramin ƙunshin nan mai shanye danshi, na jera ƙananan kwalayen cikin babba, na rufe shi da leda da salatif. A tashar mota nan Katsina, ina tsaye yaran mota suka cusa shi cikin but, suka ɗora masa buhun gero, ban ce uffan ba, tunda kowa ya san haka ake lodi. Da saƙon ya isa, kusurwa ɗaya ta babban kwalin ta lotse, amma hoton da angon ya turo mini ya nuna kayan sumul kamar yanzu aka ɗauko su daga shago, kuma daga cikin abokan nasa akwai waɗanda har yau nake sayar wa kaya. Sai dai kada ka cike gurbi da tsohuwar jarida, domin tawadarta tana hawa yadi mai haske. Farar takarda ce ta dace.

Ita leda, ba ta da tsada, ba ta da nauyi, ruwa da ƙurar hunturu ba sa ratsa ta, ta isa a aika mayafi ko ɗankwali ko safa. Iyakar yabon da zan yi mata ke nan.

Inda kwali ke cizo shi ne kuɗin aikawa. Kamfanoni irin su DHL suna ninka tsawo da faɗi da tsayin kunshin a santimita, su raba da 5000, sannan su caje ka bisa wanda ya fi yawa tsakanin wannan lissafin da nauyin gaske. Kwalin nektai ɗaya yana ba da kilo 0.2 kacal, amma kwalin hula mai 20 da 20 da 12 ya kusa kilo 1, alhali hular ba ta kai ko kusa da haka ba. Duk da haka ba zan sa zanna bukar da ta sha sitaci da guga cikin leda ba, gara a zura huluna cikin juna, a cika ta ciki da takarda, kwali ɗaya ya ɗauke su.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu tallar kwalaye a WhatsApp da Facebook, waɗanda ke nuna samfuri mai kauri su aiko da mai laushi, ko wanda ya taɓa shan danshi a sito. Ka duba bakin kwalin ka ga yana da rami-rami a tsakiya, ka danna kusurwarsa da yatsa, kuma kada ka biya kuɗi duka kafin kaya su zo hannunka. Haka kuma ba kowane nektai da aka rubuta wa siliki ne siliki ba. Kafin ka yi sari, ka zare zare ɗaya daga bayan samfurin ka ƙona shi: siliki yana warin ƙonannen gashi ya bar toka mai murƙushewa, na roba kuwa narkewa yake yi ya dunƙule ya yi tauri.