Yaya, a nan wuta ba ta ɗaukewa, amma babu kuka

Assalamu alaikum Yaya. Ya gida, ya su Inna da yara? Ka matsa min in ba ka labarin zaman Rasha, to ga shi.

Garinmu Kazan yana bakin kogin Volga, kusan kilomita 800 gabas da Mosko. Ta jirgin ƙasa na dare na zo, a taragon talakawa da suke kira platskart: gadaje hawa biyu, ba ƙofa, ƙafar wani na shafar kan mai wucewa. Amma an ba ni zanin gado wankakke cikin leda, ga tukunyar ruwan zafi a ƙarshen tarago, ga shayi a kofin gilashi mai marikin ƙarfe. Lokacin da aka rubuta a tikiti, a nan muka tashi, ko minti bai gota ba. Wata tsohuwa da ke gadon ƙasa ta dinga cusa min dafaffen ƙwai, alhali ko murmushi ba ta yi min ba. Haka mutanen suke, fuska a murtuke, hannu a buɗe.

Tun zuwana ban ji ƙarar janareto ba. Sai dai kar ka ɗauka gata ne kawai, sanyi ne ya tilasta musu. Idan Janairu ta kama, awon sanyi kan sauka 20 ƙasa da sifili, wanda aka bari ba ɗumi gawa ne. Shi ya sa ruwan zafi ke zagaya gidaje ta bututu daga tasha guda ta unguwa, ɗaki ya yi ɗumi har ka zauna da singileti. Da bazara kuma sai a rufe ruwan zafin wajen kwana goma don gyara, ka ga Baturen Rasha yana ɗora ruwan wanka a tukunya kamar ni da kai lokacin hunturu. Ranar na yi dariya har da hawaye.

Kasuwa kuwa, burodi, madara, dankalin Turawa da kabeji araha ne, ƙasar ce kan gaba a duniya wajen fitar da alkama. Kefir ɗinsu ɗan uwan nono ne, har na gwada dama fura da geronsu, wani rawaya mai suna pshano. Kar ka tambaye ni yadda ta ƙare. Zoɓo ma akwai, karkade suke ce masa kamar mutanen Sudan, a ƴan ƙananan kwalaye kamar magani. Amma kuka, daddawa, kuɓewa, babu. Doya idan ka same ta a shagon ƴan Afirka a Mosko, kuɗinta sai ka yi salati. Abincinsu kuma lami, ba yaji, sai wani ganye mai ƙamshi da suke barbaɗawa a kan komai.

Ka gaya wa Inna ta kwantar da hankalinta kan nama. Tatar, wato ƙabilar wannan yanki, Musulmi ne, kakanninsu sun karɓi Musulunci tun 922, zamanin da matafiyi Ibn Fadlan ya zo daga Bagadaza. Sarki Ivan na Rasha ya ci Kazan da yaƙi a 1552, amma yau masallacin Kul Sharif, wanda aka buɗe a 2005, yana cikin ganuwar fada, coci na gefensa. Naman halal ko'ina. Lokutan salla ne suka fi ruɗa ni, a Disamba ƙarfe uku da ƴan mintuna rana ta faɗi, a Yuni kuma dare ba ya gama duhu.

Inda suke ba da wahala shi ne takarda. Rajistar wurin zama, gwajin jini, hatimi a kan hatimi. Akwai ofishin da na je sau uku saboda harafi ɗaya a sunana. Kuma tun 2022 katin Visa ko Mastercard na waje ba ya aiki a nan, don haka kar ka tura komai asusuna na gida.

Idan ka samu mai tahowa, kuka da daddawa nake so, da yajin Inna mai citta. A ɗaure daddawar leda uku.