Gargaɗi: 7,500 na biya don manhajar "ƙara wa batir ƙarfi", ta ja mini asarar naira 52,000

Assalamu alaikum. Kwana tara ke nan ina rubuta wannan ina gogewa saboda kunya. Yau na ce ko za a yi da ni sai na faɗa, domin jiya na ga wata baiwar Allah tsaye a gaban teburin yaron da ya sayar mini da manhajar nan, ta miƙa masa wayarta, ni kuma bakina ya ƙi buɗuwa. Har na hau adaidaita ina jin kamar da ni aka haɗa baki aka cuce ta.

Naira 7,500. Da hannuna na ƙirga na ba shi, har na ce Allah ya yi albarka.

Masu bina sun san turaren wuta da humra nake sayarwa, kuma wayata ita ce shagona. A WhatsApp nake ɗora kaya, a nan ake ciniki, a nan nake ganin alat. Wayar ta shekara uku a hannuna. Da zafin watan Afrilu ya kama, sai ya zama in na cire ta daga caji da asuba, kafin azahar ta koma kashi 30. Ga wuta ba kullum ba, ga mai caji yana karɓar 200 duk kaiwa. Shi ya sa na shirya na tafi kasuwar waya a nan Kano, kuma ina so a ji wannan da kyau: SABON BATIR na je saya. Ban je neman wata manhaja ba. Na san abin da ya kai ni, kuɗina na cikin jaka.

Yaron ba zai wuce shekara ashirin da biyar ba, da tsabtarsa, da ladabinsa. Ya ba ni kujera. Ya juya wayar, ya danna nan ya danna can, sai ya ce, "Hajiya, tsakani da Allah kada ki ɓata kuɗinki. Batirinki lafiyarsa ƙalau. Sabo 12,000 ne, kuma na kasuwa ba ya kai wanda ya zo da waya. Wasu abubuwa ne ke shan cajin a ɓoye. Akwai manhajar da zan saka miki, 7,500, har ki rabu da wayar ba za ki sake biyan ko sisi ba."

Wannan maganar ce ke hana ni barci. "Kada ki ɓata kuɗinki." Ku gaya mini, wanda ka zo za ka ba 12,000, ya ce a'a, kawo 7,500, wa zai zarge shi? Ni 'yar kasuwa ce, shekarata goma sha ɗaya ina sana'a, na san mai son cin kuɗin mutum tun daga gaisuwarsa. An sha turo mini alat na bogi ban taɓa sakin kaya ba. An sha kirana wai daga banki, ina kashewa. Ba a waya wannan ya same ni ba, ido da ido ne, mutum mai tebur da kujera da maƙwabta. Ana kiran la'asar ma ya ce, "Hajiya, bari in yi salla in dawo," ya bar ni zaune da kayansa. Ta ina zan fara zargi?

Kuma ya nuna mini da idona. Wani koren maɓalli ne babba, ya danna, wani abu kamar roka ya tashi a allo, rubutun da ke cewa saura awa 3 ya koma awa 11. A gabana. Daga 3 zuwa 11.

Sai daga baya na tuna ba daga Play Store ya sauke ta ba, ta Xender ya turo daga tasa wayar. Na kuma tuna wayar ta yi ta fito da tambayoyi yana dannawa da sauri, ya fi sau biyar, har ɗaya ta kai shi can cikin saiti. Na tambaye shi, wallahi na tambaye shi, ya ce, "Ba komai Hajiya, izini take nema ta yi aikinta."

Ranar da aka kwashe mini 38,000 daga banki... a'a, bari tukuna, akwai na 4,000 kafin nan. Sati uku da sakawa manhajar ta rufe allo da jan rubutu wai ta ƙare. Na kira shi, na ce ba kai ka ce har abada ba? Ya ce kamfanin ne ya sabunta, in turo 4,000 ya ba ni lamba. Na tura. Na san za a ce me ya sa, amma 7,500 ɗina na ciki, ina ganin in na bari sun tafi a banza. Kuma tun kafin nan ma, tun satin farko, talla ta fara faɗo mini. Ina tsakiyar yi wa kwastoma lissafi sai hoton caca ya rufe fuskar waya. Wayar ta riƙa zafi kamar an ɗora ta a kasko. Katin da nake sakawa ya riƙa zarewa ba tare da na kira kowa ba, da na tattara lissafi ya kai 2,500. Cajin kuwa ko azahar ya daina kaiwa. Na gaya masa, ya ce manhajar tana "koyon wayar" ne, in ba ta wata guda.

To, 38,000 ɗin. Ba kuɗina ba ne, na wata Hajiya ce daga Zariya da ta turo na turaren 'yarta amarya. Da dare na buɗe manhajar banki in duba, shafi ya fito sak irin wanda na saba gani, launi ɗaya, tambari ɗaya, ya nemi lambar sirri. Na saka. Ya sake nema, na sake sakawa. Da safe babu 38,000, kuma saƙon lambar tabbatarwa da banki ke turowa ban gan shi ba sam.

7,500 da 4,000 da 2,500 da 38,000. Naira 52,000. A kan batirin 12,000.

Ɗan yayata da ke karatun kwamfuta shi ya zauna da wayar. Yana buɗe saiti ya ce, "Anti, wa ya ba wannan abin izinin karanta saƙonninki?" Ashe izinin da yaron ya yi ta dannawa har da na karanta saƙo, da na fitowa a saman sauran manhajoji, da wanda aka tanada don taimaka wa makafi da masu lalura, wanda ke ba manhaja damar ganin duk abin da ke allo har ta danna da kanta. Shafin da na zuba wa lambata ba na banki ba ne, rufa shi aka yi a kan na gaske.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne da ya ce ko da manhajar ba ta ɓarayi ba ce, ba abin da za ta tsinana mini. Tun 2015, a Android 6, aka saka wa waya tsarin da ake kira Doze, wanda in ka ajiye ta ita da kanta take kwantar da manhajoji. A 2018 Android 9 ya zo da wanda ke lura da manhajojin da ba ka cika buɗewa ba ya rage musu caji. Duk kyauta, duk suna cikin wayar da nake riƙe da ita. Ita kuma mai koren maɓalli, aikinta ta kashe manhajoji da ƙarfi, su kuma su sake tashi, kuma tashin ya fi cin caji a kan a bar su kwance. Daga Android 14 ma an hana wata manhaja kashe 'yar'uwarta. Awa 11 ɗin nan rubutu ne kawai. Ya nuna mini labarin yadda a Fabrairun 2020 Google ya kwashe manhajoji kusan 600 daga Play Store saboda irin tallar nan mai faɗo wa mutum, har da na kamfanin Cheetah Mobile masu manhajar "wanke waya" ta Clean Master. A Yunin shekarar Indiya ta haramta manhajoji 59, manhajar adana caji ta DU Battery Saver na ciki. Duniya ta daɗe da sani, mu ana sayar mana a tebur 7,500.

Kuma batirin nawa ya mutu ne, kamar yadda na faɗa tun farko. Batir yana tsufa da yawan caji, Apple ma sun rubuta cewa na tsofaffin iPhone bayan cikakken caji 500 kusan kashi 80 na ƙarfinsa ke saura, kuma zafin da ya haura digiri 35 yana lalata shi. Mu da muke ganin sama da 40 a bazara fa? Shekara uku ina caji kullum. Da aka buɗe bayan wayar har ya fara kumbura. Ni na yi daidai ranar da na fita daga gida. Shi ya juya ni.

Na koma wurinsa sau biyu. Na farko ya ce shi ma sayowa yake yi. Na biyu, ranar da na je da ɗan yayata, ya ce bai taɓa ganina ba. Ni da ya ba kujera! Yanzu ya toshe lambata. Na kai ƙara wurin shugaban layinsu, na cike takarda a banki, ina jira. Ba zan rubuta sunansa a nan ba sai an zauna, amma ina da shaidar tura 4,000 ɗin, da hoton jan rubutun, da muryarsa yana cewa in ba ta wata guda. Zan ɗora su a daren nan in Allah ya yarda.

Ku goge duk wata manhajar adana caji ko "wanke waya". Kada ku bar kowa ya tura muku manhaja ta Xender ya danna izini a madadinku. Ku kunna na cikin saiti, ku rage hasken allo, batir in ya tsufa a canja shi. In kati na zarewa ku kira kamfanin layinku, in ba su gyara ba ku kira 622 na hukumar sadarwa ta NCC.

Hajiyar Zariya ban gaya mata ba har yanzu. Bikin saura kwana goma sha biyu, na sayar da zobena na sayo kayan haɗin, ranar Alhamis zan kai mata turarenta tasha. Baiwar Allah mai shuɗin mayafi da na gani jiya wajen ƙarfe huɗu, in kin ga wannan, don Allah ki cire abin nan daga wayarki kafin ki buɗe manhajar banki, ki canja lambar sirrinki.